Maƙabartar Jirage

A ƙarshen filin jirgin Mashhad, bayan shingen waya,
akwai jirage bakwai da suka daina tashi.
Mu ma'aikata maƙabarta muke ce wa wurin.
Kullum da sassafe nakan shiga da sufana da tocila,
in yi sallama kamar mai ziyara,
in zaro famfon mai daga cikin wannan,
in kwance noti huɗu daga fiffiken wancan,
in kai wa na takwas, mai sauran numfashi.

Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki.
Jirgin ya girmi ɗana.
Kamfanin da ya ƙera shi yana nan da ransa,
na san adireshinsa kamar na gidan surukaina,
amma wasiƙata in ta je, a rufe take dawowa.
Takunkumi.
Kalmar da ake sa wa bakin dabba don kada ta yi cizo,
yau ga ta a bakin akwatin kayan aikina.

Hushang dillali yakan kawo abin da ya samu,
ƙarfen da ya ratsa ƙasa uku, ya canza suna sau biyu,
an goge lambarsa da zarto,
kuɗinsa ya ninka har ya manta asalinsa.
Nakan ɗora shi a tafin hannu, in auna,
in ƙwanƙwasa, in kai kunne,
kamar mai sayen kankana cikin duhu.

Ba zan ce ƙarya suke yi mana ba.
Na ga hoton wata kasuwa a wata ƙasa,
rumfuna sun zama gawayi,
takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin kwata.
Kuma na tuna wani dare, shekarun baya,
da aka loda akwatuna, aka ce mana dabino ne.
Ni na san nauyin dabino.
Dabino ba ya sa taya ta durƙusa haka.
Na duba iskar tayoyin, na ƙara musu,
na sa hannu, na tafi gida na ci abinci.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.
To, na ɗaga kai na duba.
Tsuntsun yana cikin soro, gashinsa a bushe,
'ya'yansa na karatu a ƙasashen da suka rufe mana ƙofa,
maganin hawan jininsa bai taɓa yankewa ba.
Mu ne a fili.
Maƙwabcina Ardashir yana raba ƙwayar magani biyu da reza,
rabi yau, rabi in Allah ya kai mu.

Yau Talata.
Nastaran za ta Shiraz duba mahaifiyarta.
Kujera ta goma sha huɗu, jikin taga,
daidai saman fiffiken da na ɗaure jiya
da notin mamaci na uku.
Ta sa min burodi da cuku a leda kafin ta fito,
ta ce kada in manta da ba furen baranda ruwa.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Shekara ashirin da shida ba ta taɓa tambaya ba.

An miƙo takarda.
Alƙalamin ya fi sufana nauyi, amma na rubuta:
Manucehr, injiniya, lafiya lau.

Ina tsaye a bakin rumfa, hannuna duk baƙin mai,
jirgin ya yi gurnani, ya sheƙa, ya saki ƙasa.
Na ƙirga har tayoyin suka naɗe.
Saura awa ɗaya da minti arba'in.
Na sa wayar a aljihun ƙirji, inda zan ji motsinta,
na ɗauki tocila na koma wurin bakwai ɗin nan,
don na gobe ma yana jiran famfo.