Layi Biyu a Bangon Inna

Hamajoda mai fenti ya shafa layi biyu a bango,
kowanne faɗin tafin hannu,
ya ce in zaɓa kafin la'asar,
akwai wani aiki da ke jiransa a Rumde Ajiya.

Na dama kunun gyaɗa ne da ya sha iska.
Na hagu yashin Binuwai,
lokacin da ruwa ya janye daga ƙarƙashin gadar Garwa
aka kife kwale-kwale a gaɓa.
A kanti duka biyun ruwan ƙasa aka kira su,
sefa dubu biyu ce tsakaninsu.

Da hantsi na dama ya fi fara'a.
Da rana ta faɗo ta taga
sai ya yi ja-ja kamar wanda aka kama da ƙarya,
na hagu kuwa ko gezau.
Na rufe taga, na buɗe.
Na kunna ƙwai, aka ɗauke wuta.

Dija ta leƙo da tsintsiya a hannu:
"Kai kaɗai kake ganin biyu,
ni dai bango nake gani."
Hamajoda na wanke buroshi a tsakar gida,
kafaɗunsa na rawa.

Shekara shida Inna na lalube a ɗakin nan.
Da yatsu ta san bangon,
inda ya tsage, inda ƙusar carbi take.
Yau da safe likita ya cire mata yanar ido,
gobe za a kwance bandeji.
To wanne zai tarbe ta?

Na ce yashi.
Kafin ya buɗe gwangwani na ce kunu.
Aka kira salla, ya tada babur,
layi biyu suka kwana a bango.

Da muka dawo daga asibiti
na zaunar da ita a bakin gado.
Tana ƙifta ido, ruwan magani na gangarowa.
Na ce, "Inna, wanne?"

Ba ta dubi dama ba, balle hagu.
Haɓata ta kama,
ta juya fuskata wajen taga,
ta daɗe tana kallo.
"Bakari, yaushe gemunka ya yi fari haka?"

Sai washegari, tana shan koko,
ta ce a shafa wanda ya fi araha.