Sai Tuffa Ta Yi Fure

Tun watan Janairu Inna ke kira daga Toktogul:
"Ku kawo mini jikata in gani
tun idona yana rarrabe fuska."
Ni kuwa ina Bishkek, rungume da Nazgul,
ina leƙen duwatsu ta taga,
fari fat, ba ka ce akwai hanya.

Kubat ya ce mu tashi ɗaya ga Maris,
wai kalanda ta sallami sanyi.
Maƙwabcinmu Ermek ya dire kofin shayi.
Shekara talatin yana jan tirela ta Too-Ashu,
can ya baro yatsu biyu na hannun hagu.
Ya ce, "Yaro, dutse bai iya karatu ba.
A nan ƙasa ne Maris yake Maris,
can sama sunansa ƙarya.

"Ba farar da kake gani ke kisa ba,
baƙar ce, mai kwanciya luf a kan kwalta,
ta yi kama da ruwa, ta yi kama da ba komai.
Ka taka birki, birki ya ce bai san ka ba,
sitiyari ya zama faifai a hannunka,
sarƙa ta tsinke a taya.

"Ku jira tuffar tsakar gida ta yi fure.
In ta yi, ku ƙara mata kwana goma."

Muka jira.
Na wanke kayan tafiya, na ninke, na sake warwarewa.
Nazgul ta fi ƙarfin rigar da aka ɗinka don ranar.
Kullum da safe nakan je in tsaya gaban itacen,
in dubi rassansa tsirara
kamar mai bin bashi a ƙofar wanda ba shi da kunya.

Sau biyu rediyo ta ce dusar ƙanƙara ta zaftaro,
ta rufe hanya, motoci sun kwana a layi.
Kubat bai ce uffan ba.
Ya fita ya duba mai, ya duba ruwa,
ya dawo yana sosa ƙeya.

Ranar da furen ya zube a kan gilashin mota
Ermek ya zo da takalmin barci.
"Kada ku yi sammako, ƙanƙarar dare ba ta tashi ba.
Kada ku yi rana, in gangara ta ɗumama takan saki kayanta.
Ku shiga ramin dutse da hantsi,
azahar ta same ku a Susamir,
kada ku tsaya ɗaukar hoto, ku bar shi a zuciya."

Muka hau. Kunnena ya toshe.
Dusa a gefe ta fi motarmu tsayi,
amma tana kuka, tana zuba cikin kwata,
kwalta kuwa baƙa, busasshiya, mai gaskiya.
Bayan rami sai ga kwari,
ciyawa ta fara leƙowa, ana kafa tantuna,
goɗiya da ɗanta suna tsallaka titi a hankali
kamar su suka shimfiɗa duniya.

Inna na zaune a bakin ƙofa.
Ta juyo wajen ƙarar injin, ba wajenmu ba.
Na ɗora mata Nazgul a cinya,
ta bi goshi da yatsa, ta bi hanci, ta bi kunne.
Na ce, "Inna, mun makara."
Ta ce, "Rufe mini baki.
Hancin kakanta ne. Kun zo lafiya?"