Tanderun Batumi

Kakata Eteri ta ce komai a rubuce yake,
har tabon ƙunar da ke gwiwar hannunta,
tanderu ya karanto mata ne kawai.
Kakana Vakhtang ya ce ba haka ba ne,
ita ta yi sakaci ta manta da tsumma.
Shekara arba'in suna wannan musu
a kan ƙullu ɗaya,
ruwan Batumi na dukan kwanon rufi.

Gocha kan zo kafin gari ya waye,
warin barasa na riga shi shigowa.
Da yana da jirgin su. Ya shanye shi a kwalba.

Kakata ba ta tambayarsa komai.
Sai ta ɓamɓaro mai zafi daga bangon tanderu,
ta naɗe a jarida, ta miƙa.
"Da a gidansu aka haife ni," in ji ta,
"a hannun uban nan nasa,
da ni ce tsaye a waje."
Shekara shida tana ba shi.
Ko sau ɗaya ba ta sa ran zai daina ba.

Kakana kuwa ko ɓawo bai taɓa ba shi ba.
"Hannunsa ya ɗaga kwalbar, ba iska ba."
Na ƙi jininsa a kan haka, ina 'yar shekara sha ɗaya.
Sai ran da ya tare Gocha a ƙofa,
ya nuna masa buhunan fulawa:
"Shigo da su, lari biyar.
In ka zo a buge, koma."

Ya ɗauki uku, ya zauna yana haki.
Washegari bai zo ba.
Ran Laraba ya ɗauki bakwai.
Wata goma sha huɗu idonsa garau,
har ya sayi takalmi.

Aka tsince shi a bayan tashar jiragen ruwa
cikin sanyin Janairu, kwalba a aljihu.

Kakata ta kunna kyandir, ta ce kwana ya ƙare,
ta yi barcinta.
Kakana ya kwana zaune a kan buhu:
"Ran Asabar da bai zo ba,
ina da ƙafa. Ban je nemansa ba."

Yanzu tanderun nawa ne.
Akwai wata mata da ke tsayawa a ƙofa, ba ta magana.
Har yau ban raba musun nan ba,
amma burodi ba ya jira,
in na tsaya tunani ƙonewa yake yi.