Minti Goma Sha Biyu na Ƙarshe

Ban taɓa ganin farkon fim ɗin ba.
Shara ce aikina, a wata sinima bayan tashar Lime Street.
Sai saura minti goma sha biyu nake shiga,
in raɓe jikin ƙofa da tsintsiya da baƙar leda,
ina jiran jama'a su tashi su bar mini gugguru a ƙasa.

Shi ya sa kullum a mota nake tarar da Lorcan.
Ruwan Liverpool na dukan gilashi,
ya kashe inji, bai kashe sigari ba,
bindiga kwance a cinyarsa kamar jaririn da aka ba shi riƙo.
Hagu, hanyar bakin ruwa ce,
Nuala na can da akwati ɗaya da tikiti biyu.
Dama, rumbun tsoho Devlin,
wanda ya tsince shi yana ɗan shekara tara,
ya saya masa takalmi,
ya koya masa ƙirga kuɗi, sannan ƙirga gawa.

Ba sai an ba ni labarin farko ba.
Kowa ya ci ladan kuturu ya san askin da ke jiransa.

Dare talatin ina raɗa masa daga cikin duhu:
hagu, ɗan'uwa, hagu.
Dare talatin yana murza sitiyari dama.
Harbi uku. Hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur.
Jirgi ya yi kuka ya ja da baya,
Nuala ta ninke tikitinsa, ta sa a aljihu,
kamar za a yi amfani da shi gobe.

Ni hagu na bi.

Alhaji Tanimu ne ya ɗauko ni daga tallan rake,
ya damƙa mini makullin shagonsa a Kwari,
ya ce da 'yan layi, wannan ne idona.
Da Hajara ta sami aikin jinya a nan,
na je masa sallama, yana auna shadda.
Bai ɗago ba. Yadi biyar, yadi shida,
Allah ya kiyaye hanya, yadi bakwai.

Bara aka turo mini saƙon murya,
ina cikin bas, tsakanin wata tsohuwa da karenta.
An riga an kai shi tun da hantsi.
Na saurara sau biyu, na wuce inda zan sauka.

An kunna fitilu.
Wata yarinya na goge ido da hannun riga,
saurayinta na laluben waya ƙarƙashin kujera.
Na share layi na bakwai, na share na takwas,
cingam ya ƙi fita, na kankare shi da makullin gida.

Idan na koma, Hajara na ɗaure takalmin aiki.
Shayi na cikin fulas, in ji ta, kada ka bar shi ya huce.
Mukan haɗu a bakin ƙofa kamar masu canjin gadi,
hannunta a kafaɗata, ɗumi na daƙiƙa uku,
kuma wallahi ban yi nadama ba.
Ban yi ba.

Sai dai yau, dare na talatin da ɗaya,
da Lorcan ya ɗora hannu kan sitiyari,
na buɗe baki,
na rufe.
Na bar shi ya tafi wurin tsohon.