Lahadi Ta Huɗu

Lahadi uku ke nan ina ce wa Ila mu shirya,
Lahadi uku tana wucewa.
Ta fari ruwa ya kwana zuba, Gulbi ya cika ya batse.
Ta biyu aka kawo ɗinkin suna, riga tara.
Ta uku kuwa ba ni da hujja,
na zauna bakin kekena ina juya zare
har aka kira magariba.

Can bayan Madarunfa, in ka bar kwalta ka bi yashi,
akwai ƙauyen Tsoho Jariri,
makaɗin ƴan kokowa ne a da,
yanzu hannu na rawa ba ganga.
Ya ware ɗaki guda na laka
ya tara abin da maza suka bari da suka bar fage:
warki, guru, layu masu warin tsohon gumi,
gangar da ta fashe ranar wani babban kaye,
rediyon da gari guda ya taɓa kewayewa,
da hotunan da rana ta lashe
har fuskoki suka koma inuwa.
Ba a yankar tikiti. Goro ake kai masa, ko sukari.

Na auna tafiyar yadda nake auna yadi.
Jikka biyu ta mai, dala ɗari ta goro.
Tayar baya ta sha faci huɗu,
Sanda mai faci ya ce za ta kai mu,
dawowa kuwa sai abin da Allah ya yi.
Zuwaira za ta dama fura tun asuba,
ta ce kar mu tsaya kallon tafki,
yaron nan in ya ga ruwa ba ya jin kira.

Shekararsa tara.
Ya san ƴan ƙwallon ƙasashen
da ban san ta ina rana ke fito musu ba,
amma kakansa, Barmo Na-Tsahara,
sai abin da na faɗa masa ya sani:
wai ƙasa ba ta taɓa ganin bayansa ba.

To, nan fa gizo ke saƙa.
Hoton Baba ɗaya ne a ɗakin nan,
na gan shi tun ina saurayi, ban koma ba.
Ba shi ne a sama ba.
Ƙafafunsa ne a iska,
saura taki ɗaya bayansa ya sha rairayi,
wani dogon Bagobiri ya rungume ƙugunsa,
jama'a baki buɗe.
Kaka goma sha ɗaya yana kada maza, ba mai hoto,
ranar da ya faɗi mai hoto ya zo.

Jiya na buɗe akwatin Inna.
Ƙarƙashin zannuwa na tarar da kambunsa na hagu,
fata ta bushe, ɗinki ya saki.
Na sa allura na mayar da shi a hankali,
ban taɓa ɗinkin da ya ci mini dare haka ba.
Zan kai wa Jariri ya rataye kusa da hoton.
In Ila ya nuna na sama ya ce wannan ne,
zan kama yatsansa in sauko da shi,
in ce na ƙasan ne naka.
Ya tashi ya kakkaɓe, ya ba mutumin hannu,
ya zo gida ya ci tuwo,
da safe ya saɓa hauya ya tafi gona.
Sauran Jariri ya faɗa masa,
ya fi ni sanin kirarinsa.

Yau Asabar.
Na ƙara wa taya iska, na ɗaure gora.
Hadari na haɗuwa ta gabas, ban ɗaga kai ba.
Ila ya yi barci da takalma a ƙafa,
wai kar in tashi in bar shi.