Ladanin Bilbis

Kwana tara ke nan unguwarmu a Tawa
ba ta ji muryar babana da asuba ba.
Wani yaro ke kira a madadinsa,
yana yanke "hayya alas-sala" gida biyu
kamar mai tsoron kada ta ƙare masa.

Nomau ladan, shekara talatin yana jan ta
sai ta taɓo bakin tabkin Babaye ta dawo.
Fuka kuwa tun yana saurayi suke tare,
maƙwabta ne masu katanga ɗaya:
in ta ƙwanƙwasa, ya zaro famfon shaƙa daga aljihu,
fesa biyu, ta koma ɗakinta.

Wannan karon ta ƙi komawa.
Tari ya zo da kaki ruwan ɗorawa,
zazzaɓi ya shimfiɗa tabarma,
ƙirji na kuka kamar ɗan kyanwa da aka kife da ƙwarya.
Ya fesa, ya fesa. Shiru.

A likita, majo Sahiya ta ɗora abin sauraro a bayansa,
ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Sannan ta dube ni:
"Ƙwayoyin cuta sun sauka a hanyar numfashi,
amma ba su kaɗai ke wahalshe shi ba.
Jiki na da masu gadi.
Nasa masu zafin kai ne, fuka ta saba musu da firgita.
Sun ji ɓarawo, suka taso duka,
suka hura wuta a zaure don su kore shi,
har ƙofa ta kumbura, ta ƙi buɗuwa.
Mai gida ne ke shaƙewa a ciki."

Na ce, to da wa za mu yi faɗa?
Ta ce, "A kori ɓarawo, a lallashi masu gadi."
Magani biyu ta rubuta.
Jika bakwai da rabi a farmasi,
kuɗin tunkiyar inna.

Da dare ina ƙirga numfashinsa
kamar yadda yake jan carbi,
in na ɓata lissafi in sake daga farko.

Jiya na ji shi a ɗaki yana gwadawa ƙasa-ƙasa.
Ya kai rabin kabbara, tari ya tare shi.
Ya kurɓi ruwa, ya yi dariya,
ya ce, "Balkisa, aika a gaya wa yaron nan
ya riƙa cika ƙirjinsa tukuna.
Shi da ke da iska, me yake wa rowa?"