Saura Wannan

Bara mun zo Zambuk da wasan kwaikwayo,
darasinsa: kar a sare itace.
Ni na fito a Hamada,
da jan rawani, yara na ta ihu.

Janareta ya yi ta tari har tsakar dare,
baƙin mai na ɗiga a gindin tsamiya.
Dandamalin fa, da me muka kafa?
Rassan gawo huɗu, mu muka sare da la'asar.

Da asuba muna ɗaure kaya,
sai ga Goggo Dudu da tsintsiya.
Ba ta ɗaga murya ba.
"Wasanku ya yi kyau, 'ya'yana.
Ledar ruwanku fa, wa zai cinye?
Sai akuyata."

Ba wanda ya tanka. Direba ya ta da mota.
Har Kwadon ban iya haɗiye yawu ba.

Bana mun dawo.
Farantin sola biyu a rufin mota,
zana aro daga gidan Jauro,
randa ɗaya, moɗa uku, a sha a ajiye.
Hasken bai kai na bara ba,
farin wata ya cika mana gibin.

Da aka watse na nemi Goggo.
Aka ce akuyar ta mutu tun kaka,
an farke cikinta, leda ce dunƙule.
Ita kuwa ga ta can da tocila, tana bin fili.

Ta tsinci murfin kwalba guda,
ta danƙa mini a tafi,
ta ce, "Saura wannan."